Yadda Mai Shago Zai Tantance Sabon Ruwan Inabi Idan Ya Iso

Idan katan-katan na sabon ruwan inabi suka iso shago, abu na farko da ya kamata mai shagon ya yi shi ne ya ɗauki kwalba ɗaya ya juya bayanta, ya karanta adadin barasar da aka rubuta a jiki. Giyar inabi ta yau da kullum takan ƙunshi barasa kashi 11 zuwa 14 cikin ɗari. Akwai kuma wadda aka bar inabinta ya tsimu sannan aka cire barasar, kuma irin wannan tana iya ƙunsar ragowar barasa da ba ta wuce kashi 0.5 ba, saɓanin zallan ruwan inabi mai gas wanda bai taɓa tsimuwa ba. Wannan bambanci yana da nauyi ƙwarai a wurin mai sayen kayan walimar aure, don haka a ware wa kowane iri kantarsa, a kuma faɗa masa gaskiya tun kafin ya tambaya.

Daga nan a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, a tabbatar marfin bai yi ɗanshi ba. A ajiye kwalaben a inuwa mai sanyi, domin zafin rana yana ɓata ɗanɗano da launi.