Kurakuran da ke kashe samfurin sanƙarau da kwalara kafin ya isa ɗakin gwaji

Da zarar hunturu ya ja baya, zafi ya kunno kai, asibitocinmu kan fara karɓar yara masu zazzaɓi da sanƙarewar wuya. Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne, a sha wahalar ɗibar samfuri, a tura, sakamako ya dawo cewa babu abin da ya tsiro. Sau da yawa ƙwayar cutar tana nan, mu ne muka kashe ta a hanya.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne saka ruwan ƙashin baya a firji. Kowa ya saba cewa sanyi na adana abu, amma Neisseria meningitidis, ƙwayar da ke haddasa annobar sanƙarau, ba ta jure sanyi. Na taɓa buɗe kula da aka aiko daga wani ƙauye: kwalaben Trans-Isolate huɗu, wato kwalaben da ke raya ƙwayar a hanya, a jere kan ƙanƙara, an cike takardu da rubutu mai kyau. Ma'aikacin ya yi iya ƙoƙarinsa, amma ko ɗaya bai tsiro ba. Kwalbar nan kafin a yi amfani da ita ne take zama a firji. A fito da ita sanyin ya sake ta, a zuba rabin mililita zuwa mililita 1 na ruwan, daga nan ta yi sallama da sanyi. Ruwan da za a yi wa gwajin PCR, mai gano ƙwayar ta hanyar sinadarin halittarta, shi ne ake zubawa a wani ƙaramin bututu dabam a sanyaya.

Wani zai ce, tunda an san sanƙarau ne, mene ne na wahala? Ai ƙwayar iri-iri ce. Rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 ya karya lagon nau'in A, sai nau'in C ya ɓullo, ya yi ɓarna a Nijar a 2015, ya afka wa Zamfara da Sakkwato a 2017. Allurar A ba ta kare mutum daga C. In ba a gane nau'in ba, wace allura za a nema?

Akwai kuma ɗibar samfuri bayan an fara magani. An fi so a ɗiba tukuna, amma kada a jinkirta wa yaro allurar maganin ceftriaxone don ana jiran mai ɗiba. A ba shi, a rubuta lokacin a takarda; PCR na iya gano ƙwayar ko ta mutu.

A ɓangaren kwalara, ɗibar bahaya daga bokitin da aka wanke da kulorin aikin banza ne, kulorin ya riga ya kashe Vibrio cholerae, ƙwayar da ke haddasa kwalara. A ɗiba a mazubi mai tsabta ko da tsinken auduga, a cusa cikin Cary-Blair, sinadarin da ke adana ƙwayar a hanya, kada a daskarar. Gwajin gaggawa kuwa ishara kawai yake bayarwa. Ko an ga ɗigo-ɗigo ruwan ɗorawa a farantin TCBS da ake tsirar da ƙwayar a kai, sai an tabbatar O1 ne ko O139, nau'o'in da ke haddasa annobar kwalara, domin wasu 'yan'uwan ƙwayar ma haka suke fitowa.

Sai takarda. Kwalba ta iso ɗakin gwajin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, a Abuja ko CERMES, cibiyar binciken lafiya ta Nijar, a Yamai ba sunan ƙauye, ba ranar da ciwon ya fara, ko an gano ƙwayar ba a san rijiyar da za a je a duba ba.