Wasannin lokacin sanyi da nake koya wa yara harshe da su

Shekarar da na fara karɓar ajin 'yan shekara shida zuwa bakwai, kalmomin sanyi ashirin na jera a kan allo, na sa yara suna bina har muryata ta dushe. Washegari ko biyar ba su riƙe ba. Tun daga ranar na sauya hannu. Yanzu kalma shida nake ɗauka a mako, takwas idan ajin na da kaifi, kuma kowace sai yaro ya taɓa ta, ya sa ta a jiki ko ya jefa ta kafin in nemi ya furta. Ko Turanci kuke koyarwa, ko Faransanci, ko Larabci, hanyar ɗaya ce.

Ku fara da kwando. A zuba hula, safar hannu, safar ƙafa, rigar sanyi, mayafin wuya da takalmi, duk na manya, don yaro ya zura da sauri a kan kayansa. Ranar farko ni kaɗai ke magana. In ce "sa hula" da harshen da muke koyo, in sa, su kwaikwaya. In ce "cire safar hannu", in cire. Bayan zagaye uku sai in daina nunawa, in bar murya kawai. Wannan ita ce dabarar da wani malamin jami'a mai suna James Asher ya fito da ita a Amurka a shekarun 1960: kunne ya ji, jiki ya amsa, baki ya biyo baya. Kada ku matsa wa mai shiru. Akwai yarinyar da ta yi mako biyu ba ta ce uffan ba, amma ba ta taɓa ɗaukar safa a madadin hula ba. Rana ɗaya na yi kuskure da gangan, na ce "hula" na ɗaga takalmi, sai ga muryarta daga baya tana gyara mini.

A rana ta uku sai a mayar da shi tsere: layi biyu, kwando biyu, yaro ɗaya ne ke ba da umarnin, ba malama ba.

Wanda suka fi so shi ne jifa da dunƙulen dusar ƙanƙara na takarda. A ba kowa farar takarda da aka gama amfani da bayanta, ya zana abu ɗaya cikin kalmomin makon, ya dunƙule. A ja layi a tsakiyar aji, a yi jifa na daƙiƙa ashirin, ba a fuska ba. Da na tafa, kowa ya ɗauki dunƙule ɗaya, ya warware, ya nemi aboki ya gaya masa abin da ya samu. Ku kafa dokar tafin tun kafin a jefa na farko, ku gwada ta sau biyu. In ba haka ba, ajin ya kuɓuce muku ke nan.

Idan sun gaji da zama, akwai "daskare, narke". Suna zagaya aji, in ce su yi tafiya, su yi tsalle, su yi karkarwa. Da na ce "daskare" kowa ya ƙame. Wanda zai narkar da abokinsa sai ya taɓa kafaɗarsa ya faɗi kalma ɗaya. Ba na fitar da wanda ya motsa, domin wanda aka fitar shi ne yawanci ya fi bukatar jin kalmar. Don ƙirga kuwa, nakan nuna musu hoton manyan tsuntsayen fengwin na Antatika, waɗanda ke curewa wuri ɗaya don tare sanyi, na gefe yana samun shiga ciki sannu a hankali. In kira "uku" ko "biyar", su cure daidai adadin.

Amma darasin da na fi ji da shi na ƙanƙara ne ta gaske, musamman ga yaran da ba su taɓa ganin dusarta ba sai a hoto. Ku zo da ƙanƙara ƙwaya uku masu girma ɗaya da faranti uku. Ɗaya a bar ta haka, ɗaya a barbaɗa mata gishiri, ɗaya a cusa ta cikin safar ulu. Kowane yaro ya tsaya bayan farantin da yake ganin zai riga narkewa. Kusan duka bayan safa suke tsayawa.

"Malama, ai safa zafi gare ta!"

Sai mu ci gaba da wani abu, muna leƙawa duk minti goma. Mai gishirin ta fara ramuka, ruwa ya taru a ƙarƙashinta, domin ruwa zalla a digiri 0 yake daskarewa, gishiri kuwa yana saukar da wannan ma'aunin. Idan aka zazzage safa, sai ga ƙanƙarar kusan yadda aka sa ta. Ulu ba ya ƙirƙirar zafi, hana shi wucewa yake yi. Ku dubi fuskokinsu a wannan lokacin. A nan ne "sanyi", "jiƙe", "ƙarami", "babba" da "ta narke" ke fita da kansu, don akwai abin da suke ƙaguwa su faɗa. Su faɗa da harshen gida ma ba laifi. Ku karɓa, ku mayar musu da shi a sabon harshen. A ajiye tsumma kusa, saboda santsi.

Ranar ƙarshen mako mukan yanka furen dusar ƙanƙara. Na gaske reshe shida gare shi, don haka takarda mai da'ira za a ninka biyu, a ninka uku, a sake ninka biyu. Takardar ta zama mara kauri, kuma ƙanana ni nake ninka musu. Almakashi ɗaya nake ba mutum biyu da niyya, don dole ɗaya ya ce "ba ni, don Allah".

Saura mantuwa. Tun 1885 wani masani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya nuna cewa abin da aka koya ya fi zubewa da sauri a farko-farko, shi ya sa ba na rufe kwandon da ƙarewar mako. Ranar Litinin in shimfiɗa kayan shida a tebur, su rufe ido, in ɓoye ɗaya, su faɗi abin da ya ɓata. Minti biyar ya isa. Bayan mako biyu in sake, na haɗa da sababbin kalmomi, wannan karon yaro ne ke ɓoyewa, ni ma in rufe ido tare da su.