Kurakuran da aka fi yi wajen kwaikwayon bambancin al'adu a kwamfuta

Masu gina manhajar da za ta kwaikwayi yadda mutanen ƙasashe daban-daban ke ciniki ko zaman sulhu sukan fara ne da alƙaluman Geert Hofstede, masanin ƙasar Holland da ya ba ƙasashe maki bisa halayen al'adunsu. Babu laifi, muddin an tuna tushensu: takardun tambayoyi kusan 116,000 da ma'aikatan IBM suka cike tsakanin 1967 da 1973. Ma'aikatan kamfani ɗaya ke nan, kuma an yi shekara hamsin da ɗoriya.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar ƙasa a matsayin al'ada guda. A binciken ma, ƙasashen Larabawa irin su Masar, Iraƙi, Lebanon da Saudiyya maki ɗaya aka ba su gaba ɗaya. Gyaran shi ne a nemi bayanan da aka rarraba bisa yanki, harshe da shekaru. Binciken World Values Survey, na jin ra'ayoyin jama'a a ƙasashen duniya, da ake maimaitawa tun 1981, ya fi dacewa a nan, yana kuma nuna yadda ra'ayoyi ke sauyawa.

Kuskure na biyu shi ne a ɗauki matsakaicin makin ƙasa a liƙa wa kowane ɗan ƙasar da ke cikin manhajar, Japanawa dubu su fito da hali ɗaya sak. Hofstede da kansa ya yi kashedi a kan haka. Gyaran shi ne a ba su maki mabambanta, wasu ma su fi kama da baƙi a kan 'yan ƙasarsu.

Wanda ya fi ɓata aiki, a ganina, shi ne zaton kowa riba kawai yake bi. Joseph Henrich, masanin halayyar al'ummomi, da abokan aikinsa sun gwada wasan rabon kuɗi a ƙananan al'ummomi 15: a ba mutum kuɗi ya yanka wa wani kaso, in wancan ya ƙi, duka su tashi a tutar babu. 'Yan Machiguenga na Peru sukan ba da kusan kashi ɗaya cikin huɗu, kuma da wuya a ƙi karɓa. Mutanen Au da Gnau na Papua New Guinea kuwa har kaso mai tsoka sukan mayar, domin a wurinsu karɓar kyauta ɗaukar bashi ne. Manhajar da ba ta lissafa mutunci da nauyin ramuwa ba, kuskure za ta kira wannan. Sai a sa mata su, sannan a gwada ta da tattaunawar da ba a yi amfani da ita wajen saita ta ba.