Babi na 6: Karanta rajistar uwar garke

Darasi na 1

Uwar garke ita ce babbar kwamfutar da sauran kwamfutocin ofis suke dogara da ita. A cikinta akwai wata 'yar na'ura da ake kira BMC. A injin Dell sunanta iDRAC, a na HP kuwa iLO. Aikinta irin na maigadi ne. Ko an kashe injin, muddin wayarsa tana jikin soket kuma da wuta, idonta biyu. Fanka ta tsaya, ta rubuta. Zafi ya yi yawa, ta rubuta. Wurin da take rubuta waɗannan shi ne rajista. Don ku karanta rajistar, ku buga wannan harafi bayan harafi, kada ku manta da tazarar da ke tsakani, sannan ku danna Enter:

ipmitool sel list

Darasi na 2: Kwanan wata

Ga irin layin da za ku gani:

12 | 03/04/2024 | 14:05:10 | Power Supply | AC lost | Asserted

Ku ɗora yatsa a kan 03/04/2024. Me kuka karanta? Uku ga Afrilu, ko? Kusan kowa haka yake cewa da farko, babu abin kunya. Sai dai wannan rubutun irin na Amurka ne, wata ake fara sawa, sannan rana. 03 shi ne Maris, 04 ita ce rana. Ke nan 4 ga Maris wuta ta yanke wa injin.

Ku faɗa da baki: wata, sannan rana. Ku sake faɗa. Madalla.

Yanzu 11/02/2024 fa? A hankali, ba tsere muke yi ba. Na farko wata ne, Nuwamba. 2 ga Nuwamba. In kun rikice, ku nemi layi irin 12/25/2024. Ai babu wata na 25, don haka tilas 12 ne watan.

Bara wani ɗalibina ya kai ƙarar mai kula da janareta wurin shugaban ofis, wai ya yi sakaci ran 3 ga Afrilu. Ashe bawan Allah ran nan yana ƙauye wurin suna. Haba jama'a! Sau nawa zan faɗa? Wanda ya sake karanta mini rana a farko, to ya rubuta wannan sau goma kafin ya tashi: wata, sannan rana.

Darasi na 3: Agogo

14:05 ƙarfe biyu da minti biyar ne na rana. Amma injuna da yawa suna bin agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, kuma Najeriya da Nijar suna gabansa da awa ɗaya. Ku buga ipmitool sel time get don ku ga agogon injin, ku gwada da agogon wayarku. In injin yana baya da awa ɗaya, ku ƙara awa ɗaya a kowane layi, 14:05 ya zama 15:05. Mutanen Ghana ba sa ƙara komai.

Darasi na 4

In kun ga shekarar 1970 a kwanan wata, agogon ne ya ɓata, domin daga 1 ga Janairu 1970 yake fara ƙirga daƙiƙu. Ku sa a duba ɗan batirin nan na cikin injin mai riƙe agogo, mai kama da kwabo, CR2032. Pre-Init a wurin kwanan wata kuwa yana nufin an yi rubutun kafin a saita agogo.

Darasi na 5

Asserted: abin ya faru. Deasserted: ya wuce.

Darasi na 6

ipmitool sel clear yana goge rajistar kaf. Kada ku taɓa shi sai mai injin ya ce.