Yadda za ka gane yaren 'yan golf kafin ka ɗauki jakar Oga

Cikin samarinmu na Obalende akwai masu sha'awar aikin kadi, wato ɗaukar wa 'yan golf jakar sanduna, tunda ga Ikoyi nan a bakin ƙofa. Abin da ke karya musu gwiwa shi ne yaren wasan. Shawarata, kada ka zauna haddar kalmomi. Bi ƙwallon tun daga dukan farko har ta faɗa rami, kowace kalma za ka tarar da ita a wurinta.

Amma kafin komai, riƙe "Foo!" Idan aka ƙwala wannan kira, ƙwallo ce ta kauce hanya ta nufo mutane. Duƙa, ka rufe ƙeya da hannu biyu. Na taɓa ganin wani yaro a wani fili ya ɗaga kai yana neman mai kiran, ƙwallon ta gifta ta gefen kunnensa, sai da ya zube a ciyawa jikinsa na ɓari. Ba ta kai ƙwan kaza ba, amma taurinta na dutse ne.

To, je ka mafari. Cikakken fili ramuka 18 ne, kamar na Ikoyi Club 1938 da na Lakowe Lakes da ke kan hanyar Epe. Kowane rami daga ti yake farawa. Sunan dandalin ke nan, kuma sunan ɗan tsinken da ake kafawa a ɗora ƙwallo. Idan ramin na da nisa, Oga zai miƙo hannu ya ce direba, sandar nan mai ƙaton kai da ta fi kai ƙwallo nesa. Ayon kuwa, wato sanduna masu kan ƙarfe, suna da lamba a gindi: iya girman lambar, iya tashin ƙwallon sama da raguwar tafiyarta. Wej na gajeren duka ne. Ƙirga sandunan tun kafin a fara, kada su wuce 14, don doka ce, kuma Oga za a ci tara.

Da ya doka, idonka kan ƙwallo. Nan ne ainihin aikinka. Idan ta sauka a feyawe, askakkiyar ciyawar tsakiya, madalla. Idan ta shige raf, doguwar ciyawar gefe, shaida wurin da wata bishiya, domin tun 2019 minti 3 kacal aka yarda a yi ana nema. Bonka ramin yashi ne. Oga na fita ka share sawunsa da manjagara.

Ƙarshen tafiya girin, shimfiɗar ciyawa mai laushi kamar darduma, inda tuta take. Miƙa wa Oga fota, sandar da ake amfani da ita a girin, ya gangara da ƙwallo cikin ramin da faɗinsa inci 4 da kwata ne. Kada ka taka tsakanin ƙwallon kowa da ramin, kuma ka yi gum. Mutanen nan sun fi yafe wa mai jinkiri a kan mai surutu.

Saura lissafi, kuma duk a kan kalma ɗaya ya rataya: faa. Ita ce yawan dukan da ake sa ran gwani zai yi ya gama rami, yawanci 3, 4 ko 5, jimillar fili kuma ta kan kama wajen 72. A wannan wasa mai ƙaramin lissafi ne ke cin nasara. Ɗauki ramin faa 4. An gama da duka 4, an yi faa. Da 3, badi, ka ce "Oga, hannu ya yi kyau." Da 2, igul, wanda sai an daɗe ake gani. Da 5 bogi ne, da 6 dabul bogi, a nan sai ka karɓi sanda ka yi gaba ba tare da ka ce uffan ba.

Handikaf kuma rangwame ne da ke ba sabon shiga damar karawa da tsohon hannu, kuma yana iya kaiwa har 54. Wanda aka ba rangwamen duka 18 ya gama fili da 90, sai a cire, a rubuta masa 72.