Yadda Ake Kwantar wa Jariri da Hankali a Baƙon Wuri

Jaririn da yake yarda da kowa yana ɗan wata uku ko huɗu yakan canza idan ya kai wata shida zuwa takwas. Da zarar an shiga gidan da bai sani ba, ko wata baƙuwar fuska ta matso, sai ya ƙanƙame mahaifiyarsa, ya cusa kai a ƙirjinta, ya fashe da kuka. Wannan ƙyuya ba ciwo ba ce, ba kuma alamar an shagwaɓa shi ba ce. Ƙwaƙwalwarsa ce ta girma har ta fara bambanta na gida da baƙo. Tsoron rabuwa da uwa yakan yi tsanani tsakanin wata 10 zuwa 18, sannan ya riƙa raguwa yayin da yaro ke dosar shekara biyu. Masaniyar halayyar yara Mary Ainsworth, wadda ta yi nazarin 'yan shekara ɗaya a ɗakin da ba su taɓa shiga ba, ta nuna cewa yaro yana samun ƙarfin halin bincika sabon wuri ne idan ya tabbata wanda ya saba da shi yana kusa.

Matakin farko yana farawa ne tun kafin a bar gida. A zaɓi lokacin da jariri ya ƙoshi kuma ya yi barci, domin yunwa da gajiya suna ninka kowane irin tsoro. Ɗan wata 4 zuwa 11 yana buƙatar barcin awa 12 zuwa 16 a kowace rana, har da na rana, saboda haka ya fi kyau a tsara fitar yadda ba za ta shiga lokacin barcinsa ba. A ɗauki abu ɗaya ko biyu da ya saba da su, kamar abin wasansa da mayafin da ake rungumarsa da shi. Kada a wanke mayafin a daren tafiya, saboda jariri yana gane ƙamshin mahaifiyarsa tun kwanakin farko na haihuwa, kuma wannan ƙamshin ne amfanin mayafin.

Mataki na biyu, idan an isa, kada a yi saurin sauke shi. A riƙe shi a jiki, a nemi gefen da babu hayaniya, a bar shi ya ƙare wa wurin kallo. Bayan ya ɗan saki jiki, a zaga da shi a hankali ana nuna masa ƙofa da taga da fitila, ana yi masa magana da muryar da ya sani. Sai a zauna a ƙasa tare da shi, a bar shi ya sauka da kansa. Zai rarrafa kaɗan, ya waiwayo, ya dawo ya taɓa gwiwar uwarsa, ya sake tafiya, kuma kada a katse masa wannan kai da kawowa.

Mataki na uku ya shafi fuskar iyaye, kuma a ganina shi ne aka fi mantawa da shi. Wajen cikarsa shekara, jariri yana duban fuskar uwa ko uba kafin ya yanke shawara a kan abin da bai sani ba. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1985, an ajiye 'yan wata 12 a kan teburin gilashi mai kama da rami a tsakiya. Da iyaye mata suka nuna fara'a, mafi yawan yaran sun tsallaka. Da suka nuna tsoro, babu ko ɗaya da ya tsallaka. Uwar da ta shiga wuri a ruɗe, tana ba mutane haƙuri saboda kukan ɗanta, tana sanar da shi ne cewa lallai akwai abin tsoro. Ta sassauta murya, ta gaisa da mutanen wurin cikin sakin fuska yana kallo.

Daga nan sai batun baƙi. Mutane suna miƙa hannu ne saboda ƙauna, amma bai dace a riƙa yawo da jariri daga wannan hannu zuwa wancan yana tsala kuka ba, don kawai ana jin nauyin masu gida. A roƙi baƙon ya zauna nesa kaɗan, ya fara hira da uwar, daga baya ya miƙa wa jaririn abin wasa ba tare da ya zura masa ido ba. Idan jaririn ya kau da kai ko ya sandare, a dakata. Idan ya karkato da jikinsa, to ya amince, amma uwa ta tsaya inda zai gan ta.

Idan za a kwana, a bi tsarin da aka saba bi a gida: wanka, shayarwa, rage haske, rarrashi. A kwantar da shi a rigingine a kan shimfiɗa mai ƙarfi wadda ba ta lotsawa, kuma idan bai cika shekara ba, kada a bar matashi ko mayafi ko 'yar tsana a inda yake barci, domin suna iya toshe masa numfashi.

Idan ya zama dole a bar shi a hannun wani, kada a sulale lokacin da hankalinsa ya tafi wani wuri, domin hakan yana koya masa cewa uwa tana iya ɓacewa a kowane lokaci. A yi masa sallama a taƙaice, a tafi, a fara da ɗan gajeren lokaci.

A kuma lura cewa ba kowane kuka ne ƙyuya ba. Idan an koma wuri mai shiru an rungume shi amma bai lafa ba, ko ya ƙi shan nono, ko jikinsa ya yi laushi, a kai shi asibiti, kuma zafin jikin da ya kai digiri 38 ga jaririn da bai kai wata uku ba yana buƙatar ganin likita nan take. Duk yadda kukan ya gajiyar da mai riƙon, kada a taɓa girgiza jariri da ƙarfi, domin hakan yana iya yi wa ƙwaƙwalwarsa mummunan lahani.