Babi na 6: Awon Ƙwayoyin Cakulan da Kofi

Darasi na 1: Karanta jikin leda

'Yan uwa mata, sannunku da ƙoƙari. Ku ɗauko ledar ƙwayoyin cakulan, waɗannan ƙanana masu tsini da ake barbaɗawa a kwaɓin kek da biskit. A ƙasan ledar akwai lamba. Ku ɗora yatsa a kanta, ku dubi harafin da ke biye da ita. Idan g ne, giram ke nan. Idan oz ne, awon Amurka ne, oz ɗaya kuwa kusan giram 28 ne. Ledar Amurka da aka fi sani tana ɗauke da 12 oz, wato giram 340.

A Amurka aka fara biskit mai ƙwayoyin cakulan, a wani masauki mai suna Toll House, cikin shekarun 1930. Mutanen can da kofi suke awo, shi ya sa za ku ga bayanin girki ya ce kofi, leda kuma ta ce giram.

Darasi na 2: Cika kofi

Kofin awo ake nufi, mai cin mililita 240. Kofin shan shayi ba ya yi. Gwangwanin madara ma bai kai shi ba.

Ku rubuta wannan da manyan baƙaƙe: kofi 1 na ƙwayoyin cakulan, giram 170.

To, ga inda ake tuntuɓe. Mun saba da awon kasuwa, mai hatsi ya cika mudu har tsororuwa, mu ji daɗi. A nan babu tsororuwa. Ki zuba cakulan a kofi, ki girgiza kaɗan, ki kwantar da bayan wuƙa a bakin kofin ki shafe. Abin da ya zubo ki mayar leda. Daidai baki, shi ne 170.

Ki juye, ki sake. Zuba, girgiza, shafe. Kada ki danna da hannu. Ki ɗaga kofin daidai idonki: kin ga wani abu ya haura baki? Idan ya haura, ki sake shafewa. Babu komai, hannu ne bai saba ba, zai saba.

Sake kuma. Zuba, girgiza, shafe.

Na sha gani a aji, mace ta shafe kofi tsaf, sai ta ƙara ɗan jimƙi a kai wai kada ya yi kaɗan. Haba Hajiya! Wannan jimƙin ya ɓata lissafin, kuma cakulan ba araha gare shi ba. Wadda take sayar da biskit, ribarta ce take zubarwa. Don Allah a shafe, a cire hannu.

Lokacin zafi ƙwayoyin sukan narke su manne. Ki sa su a firiji su sandare, ki warware su, sannan ki auna. Curi ba ya zama daidai a kofi.

Darasi na 3: Daga giram zuwa kofi

Giram 85, rabin kofi. Giram 43, kwata. Giram 255, kofi ɗaya da rabi, don haka ledar giram 250 ta kusa hakan. Giram 340, kofi biyu. Idan lambar ba ta cikin waɗannan, ki raba ta da 170 a wayarki. Rabin kofin ma shafe shi ake yi.

Wannan 170 ɗin na cakulan ne kaɗai. Kofin sukari giram 200 ne, na fulawa wajen 120. Kada na ga an haɗa su.

Darasi na 4: Aikin gida

Giram 510 kofi nawa ne? Kofi biyu da rabi giram nawa ne? Ku rubuta a littafi, ku zo da kofin awonku mako mai zuwa.